Dimitiri Shostakobic, mai tsara kiɗan da ya rayu tsakanin yabo da tsoron Sitalin

An haifi Dimitiri Shostakobic ranar 25 ga Satumba 1906 a birnin San Petasbag na Rasha, wanda daga baya aka sauya wa suna Leningirad. Yana ɗan shekara 13 ya shiga babbar makarantar kiɗa ta garin. A 1926 aka kaɗa simfoninsa ta farko, wato dogon kiɗa mai sassa da makaɗa da yawa ke yi tare da goge, busa da ganguna. Nan take sunansa ya kai ƙasashen waje.

Shekaru goma bayan haka lamarin ya juya. A Janairun 1936 shugaban Tarayyar Sobiyet, Sitalin, ya halarci wasan kiɗa da waƙa na Shostakobic mai suna Lady Macbeth, bai ji daɗinsa ba. Kwanaki kaɗan jaridar gwamnati Pravda ta yi kaca-kaca da aikin. A zamanin, irin wannan suka kan kai mutum kurkuku ko kabari. A 1937 aka harbe Marshal Tukacebski, babban majiɓincinsa. Shostakobic ya ajiye simfoni ta huɗu, ba a ji ta ba sai 1961. Ta biyar, wadda aka kaɗa a Nuwamban 1937, ita ta maido shi idon hukuma.

Da sojojin Hitila suka yi wa Leningirad ƙawanya a 1941, yana cikin garin yana rubuta simfoni ta bakwai. An kwashe shi zuwa Kuibishef, can ya kammala ta. An aika takardun kiɗan ta Tehran da Alƙahira, aka kaɗa su a Landan da Niyok. Ranar 9 ga Agusta 1942, makaɗan da yunwa ta ci ƙarfinsu suka kaɗa ta a cikin Leningirad, ƙarƙashin jagorancin Karl Eliasberg, lasifika na watsa ta har inda Jamusawa suke.

Duk da wannan suna, a 1948 hukuma ta sake tsangwamarsa, aka raba shi da aikin koyarwa. A 1960 ya shiga jam'iyyar gurguzu, matakin da har yau ake gardama a kansa. Amma a 1962 ya fito da simfoni ta 13, game da Yahudawan da 'yan Nazi suka kashe a Babi Yar kusa da Kiyef, batun da gwamnati ba ta son a tayar.

A Landan, a 1960, ya haɗu da Benjamin Britten, fitaccen mai tsara kiɗa na Ingila. Abota ta ƙullu duk da yaƙin cacar baka, har ya sadaukar masa da simfoni ta 14 a 1969.

Ya rasu a Mosko ranar 9 ga Agusta 1975, ya bar simfoni 15. Masu sauraro har yanzu suna muhawara: a cikin kiɗansa, ina biyayya ta ƙare, ina ƙorafi ya fara?