Henry Cohen: Makaɗin da ya zama madogarar masu tantance tsoffin kuɗin Rumawa

An haifi Henry Cohen a birnin Amsterdam na ƙasar Holan a shekarar 1806, amma a Faransa ya yi suna. Da harkar kiɗa ya fara, yana tsarawa yana koyarwa, kafin ya kama aiki a taskar tsoffin sulalla ta babban ɗakin karatu na birnin Paris.

A wancan lokaci, tantance kuɗin sarakunan ƙarshen daular Rum aiki ne mai wuya. Hotunansu sun yi kama da juna, haka ma sunayensu, kamar Constantine da 'ya'yansa Constantius da Constans. Mai saye kan iya zuba maƙudan kuɗi a kan sulen da ba shi da wata daraja.

Daga 1859 zuwa 1868, Cohen ya wallafa kundin da ya rage wannan ruɗani. Ya ware kuɗin kowane sarki, ya jera su bisa haruffan rubutun da ke bayansu, ya bai wa kowanne lamba da ƙiyasin farashi.

Ya rasu a 1880, kuma sai a 1892 aka kammala bugu na biyu mai mujalladi takwas.

Masana a Ingila sun fara sabon kundi a 1923, wanda ya bi tsarin shekaru da wuraren ƙira. Duk da haka, har gobe dillalan tsoffin kuɗi na ambaton lambobin Cohen wajen ciniki.