Nargis (1929–1981): Rayuwar Tauraruwar Fim ɗin Mother India

Gabatarwa

A cikin baƙin abubuwan da suka shigo ƙasar Hausa a ƙarni na 20, da wuya a sami wanda ya yi gindin zama kamar fim ɗin Indiya. An buɗe silimar Rex a Kano a 1937, kuma da farko finafinan Turawa ake nunawa. Daga shekarun 1950 ne 'yan kasuwa Kwarori masu harkar silima suka fara shigo da na Indiya, ba a daɗe ba kuwa suka danne na Ingila da na Amurka a wurin 'yan kallo. Dalilin haka a fili yake. Bahaushe ya ga maza masu rawani, da mata masu lulluɓi, da 'ya'ya masu durƙusa wa iyaye, da rigimar auren dole, duk abubuwan da ya saba gani a unguwarsu. Ko da yake ba ya jin harshen, yana gane labarin.

Daga cikin waɗannan finafinai babu wanda ya daɗe ana yayinsa kamar Mother India. Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya tarar ana ta nuna shi, jama'a na cika silima, alhali fim ɗin ya doshi shekara 40. Wannan maƙala za ta kawo taƙaitaccen tarihin matar da ta ɗauki nauyin fim ɗin a wuyanta, watau Nargis, sa'an nan ta duba abin da ya sa wasanta ya ratsa zukatan mutanen da ba su taɓa taka ƙasar Indiya ba.

Asalinta da Tasowarta

An haifi Nargis a birnin Kalkata ranar 1 ga Yuni, 1929. Sunanta na yanka Fatima Rashid. Mahaifiyarta, Jaddanbai, zabiya ce da ta shahara, kuma tana cikin matan Indiya na farko da suka shirya fim suka tsara masa kiɗa da kansu. Mahaifinta kuwa ɗan masu hali ne daga Rawalpindi, asalinsa mabiyin addinin Hindu ne, ya musulunta ya koma Abdul Rashid, ya auri Jaddanbai. Ke nan tun daga shimfiɗar haihuwa yarinyar ta tashi tsakanin al'ummomi biyu waɗanda daga bisani, a 1947, aka raba ƙasa saboda su.

Tana da shekara 6 mahaifiyarta ta sa ta a fim ɗin Talash-e-Haq na 1935. Laƙabin Nargis da ya bi ta har kabari kalmar Farisanci ce, sunan wani fure ne. Burinta tana ƙarama shi ne ta zama likita, amma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A 1943, tana da shekara 14, Mehboob Khan ya ba ta jagorancin fim ɗinsa mai suna Taqdeer, ta fito tare da Motilal, wanda ya girme ta nesa. Daga nan zancen likitanci ya sha ruwa.

Ganiyarta

Shekarar 1949 ita ce ta ɗaga Nargis sama, kuma a cikinta ne mahaifiyarta ta rasu. A wannan shekara ta fito a Andaz na Mehboob Khan, inda ta zama mace ɗaya tsakanin maza biyu, Dilip Kumar da Raj Kapoor. Ta kuma fito a Barsaat. Hoton wata fitowa da suka yi da Raj Kapoor a Barsaat, yana riƙe da ita da hannu ɗaya, goge a ɗaya hannun, shi ne ya zama tambarin kamfaninsa na R.K.

Sun yi finafinai 16 tare da Raj Kapoor, tun daga Aag na 1948. Biyu daga cikinsu sun cancanci a tsaya a kansu. A Awaara na 1951 ta fito a matsayin Rita, lauya mace da ta tsaya a kotu tana kare wani ɓarawo, tana nuna cewa talauci da watsin da ubansa ya yi da shi su suka mai da shi haka. A Shree 420 na 1955 kuwa ita ce Vidya, malamar makaranta matalauciya wadda ta ƙi ruɗuwa da kuɗin zamba. A zamanin da yawancin 'yan wasa mata ba su wuce ado da kuka ba, Nargis ta nuna mace mai ilimi, mai sana'a, mai faɗin ra'ayinta. Awaara ya karɓu ƙwarai a Tarayyar Sobiyet, har a 1954 ta je can cikin tawagar 'yan fim ɗin Indiya aka yi musu gagarumar tarba.

Sanin kowa ne a Bombai cewa shaƙuwarsu da Raj Kapoor ta wuce ta aiki. To amma shi yana da mata tun 1946, kuma bai yarda ya rabu da ita ba. Bayan kimanin shekara 8 Nargis ta ga zaman ba shi da makoma, ta tattara ta bar kamfanin. Chori Chori da Jagte Raho, duka na 1956, su ne na ƙarshe da aka gan su tare.

Mother India

Mehboob Khan ya taɓa yin wannan labari a 1940 da sunan Aurat. Da ya tashi sake shi bayan Indiya ta sami mulkin kai, sai ya ari sunan littafin wata Ba'amurkiya, Katherine Mayo, wanda ya fito a 1927 yana muzanta al'adun Indiyawa, don fim ɗin ya zama raddi gare shi. Naushad ne ya tsara kiɗan, aka fara nuna shi a watan Oktoba na 1957.

Ga yadda labarin yake a taƙaice. Don a yi bikin Radha da Shamu, uwar ango ta ci bashin rupi 500 a wurin Sukhilala, mai ba da bashi da ruwa. Da yake ba ta iya karatu ba, sai ya rubuta abin da ya ga dama, dattawan gari kuma suka goya masa baya, ya riƙa kwashe kashi uku cikin huɗu na amfanin gona kowace kaka a bakin ruwan kuɗinsa. Shamu ya je sharar wata sabuwar gona mai duwatsu, dutse ya danne masa hannuwa duka biyu, baƙin ciki ya sa ya bar gida cikin dare bai sake dawowa ba. Ambaliya ta zo ta cinye gari, yunwa ta shigo, Radha ta rasa biyu daga cikin 'ya'yanta. Sukhilala ya nemi ta ba da mutuncinta ya ba ta abinci, ta ƙi. Ta rataya garma a kafaɗa a madadin sa, ta noma gonarta, ta kuma shawo kan mutanen garin kada su yi ƙaura. 'Ya'yanta biyu suka rayu: Ramu mai haƙuri, da Birju wanda ya tashi da ƙullin Sukhilala a zuci har ya zama ɗan fashi. Ranar bikin 'yar Sukhilala, Birju ya kawo hari, ya kashe uban, ya ɗauke amarya a kan doki. Radha, wadda ta riga ta yi alkawari cewa ɗanta ba zai keta mutuncin yarinyar ba, ta ɗauki bindiga ta harbe shi, ya cika a hannunta.

Nargis tana da shekara 28 sa'ad da fim ɗin ya fito, amma ta taka rawar Radha tun tana amarya har ta tsufa tukuf. Sunil Dutt, wanda ya fito a matsayin Birju, sa'anta ne. A watan Maris na 1957, ana ɗaukar fitowar gobara a wani ƙauye na jihar Gujarat, iska ta juya wuta ta kewaye Nargis. Sunil Dutt ya kutsa ya fito da ita, ya ƙone a fuska da jiki. Ta yi jinyarsa, daga nan soyayya ta ƙullu, suka yi aure ranar 11 ga Maris, 1958. Auren ya jawo surutu, domin shi Hindu ne, ga shi kuma jama'a sun san su a matsayin uwa da ɗa.

A 1958 Mother India ya zama fim ɗin Indiya na farko da ya kai matakin ƙarshe a takarar lambar Oscar ta finafinan ƙasashen waje, ko da yake wani fim ɗin Italiya na Federico Fellini ne ya ci. A wannan shekara Nargis ta sami lambar Filmfare, da ta bikin finafinai na Karlovy Vary a Cekoslobakiya, gwamnatin Indiya kuma ta ba ta lambar girma ta Padma Shri.

Radha a Idon Manomin Ƙasarmu

Abin tambaya shi ne, me ya sa wannan labari ya zauna daram a nan? A ɗauki misalin Dirin Daji, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Sakaba a masarautar Zuru, inda noman dawa da gero da shinkafa shi ne rayuwa. Irin waɗannan garuruwa suna nesa da manyan silimu, sai da bidiyo ya yaɗu fim ɗin Indiya ya iske mutane har gida. Manomin da ya taɓa ganin rumbu ya ƙare tsakiyar damina, ya ci bashin dami ɗaya don ya biya biyu da kaka, ko ya jinginar da gonar gado, ba ya bukatar tafinta kafin ya gane Sukhilala. Haka nan matar da miji ya tafi cin rani ya bar ta da 'ya'ya ta san nauyin da ke wuyan Radha.

Har ila yau, masifar gidan Radha daga kuɗin biki ta faro. Ƙasar Zuru ta san tsadar aure ta wata fuskar, domin a al'adar golmo ta Dakarkari saurayi kan shekara bakwai yana yi wa surukai noma kafin a ba shi mata. Bambancin shi ne, ɗan golmo da guminsa yake biya, kuma ya san ranar gamawa, bashin Sukhilala kuwa ba shi da ranar ƙarewa, gadonsa ake yi. Daɗin daɗawa, halayen da aka yaba wa Radha, watau haƙuri da kunya da cika alkawari da kare mutunci, su ne Bahaushe yake auna mace ta gari da su. Hukuncin da ta yanke wa Birju kuwa ya bar muhawara har yau: ko akwai alkawarin da ya kai uwa ta zubar da jinin ɗanta? Fim ɗin ya ƙare ne Radha ta tsufa, an gayyato ta ta buɗe sabuwar magudanar ruwan noma, sai ruwan ya rikiɗe a idonta ya zama ja kamar jini.

Bayan Aure da Rasuwarta

Bayan aure Nargis ta ja baya daga wasa, ta rungumi renon 'ya'yanta uku, Sanjay da Namrata da Priya. Ta sake fitowa a Raat Aur Din na 1967, a matsayin mace mai taɓin hankali wadda halinta na dare dabam da na rana, kuma da shi ta zama ta farko da aka ba lambar ƙasa ta gwarzuwar 'yar wasa. Ita da mijinta sun kafa ƙungiyar Ajanta, wadda takan je bakin iyaka ta yi wa sojoji wasa. Ta kuma zama uwar ƙungiyar kula da yara masu naƙasar ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi, aikin da ya kusantar da ita ga tsohon burinta na likitanci.

A 1980 aka naɗa ta wakiliya a majalisar dattawan Indiya, Rajya Sabha. A can ta zargi Satyajit Ray da tallata talaucin Indiya ga Turawa don neman yabo. Mutane da yawa sun ga baikenta, suna tunatar da ita cewa fim ɗin da ya fi ɗaukaka ta, na yunwa ne da bashi.

A wannan shekarar ce aka gano tana da ciwon daji. An kai ta asibitin Sloan-Kettering a New York, ta dawo gida, ciwon ya sake tashi, ta rasu a Bombai ranar 3 ga Mayu, 1981, tana da shekara 51. An binne ta a maƙabartar Musulmi ta Bada Qabrastan. Kwanaki kaɗan bayan haka aka ƙaddamar da Rocky, fim na farko da ɗanta Sanjay ya jagoranta, aka bar kujera ɗaya ba kowa saboda ita. Mijinta ya kafa gidauniya da sunanta don taimakon masu ciwon daji, ya yi ta hidimarta har ya rasu a 2005.

Kammalawa

Nargis ba ta ga haihuwar fim ɗin Hausa na bidiyo ba, domin sai a 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano. Amma duk mai nazarin finafinan da suka biyo baya zai ga sawun zamaninta: masoya uku irin na Andaz, da waƙa a tsakiyar labari, da uwa mai haƙuri wadda maganarta ke yanke hukunci. Ɗanta Sanjay Dutt ma samarin Kano sun raɗa masa suna Ɗan Daba Mai Lasin, alamar sun ɗauke shi ɗan gida. Saboda haka ya kamata ɗaliban adabin Hausa su san tarihin irin su Nargis, domin ba za a fahimci littattafan soyayya da finafinan Kano sosai ba sai an san abin da marubutansu suka tashi suna kallo.