Ernst Hartert, malamin tsuntsaye da ya taka ƙasar Hausa

Manomin Sae Sabuwa ba ya bukatar a gaya masa damina ta kusa. Ganin shamuwa bisa itacen gari ya ishe shi. Ya san burtu da gauraka, ya san ɓarnar jan-baki a gonar hatsi. A cikin waɗanda suka shigar da tsuntsayen ƙasashenmu cikin littattafan ilimi akwai wani Bajamushe, Ernst Hartert, wanda ya ba da rayuwarsa duka ga wannan aiki.

An haife shi a birnin Hambug ran 29 ga Oktoba 1859. A shekarar 1885 ya shiga ayarin Flegel zuwa kogin Binuwai. Daga Loko, shi da abokin tafiyarsa Paul Staudinger suka yi arewa da wasiƙa da kyaututtukan Sarkin Jamus zuwa ga Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba. Suka bi ta Kafi, Zariya, Kano, Sakkwato da Gwandu, suka koma a 1886. Duk inda ayari ya ya da zango, Hartert na can bayan gari yana tara tsuntsaye, yana rubuta inda ya same su.

Bayan ya zaga Sumatara da Indiya, a 1892 attajirin nan Walter Rothschild ya ɗauke shi aiki a gidansa na adana halittu a Tiring, kusa da Landan. Can ya zauna shekara 38.

Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Hartert ya nuna cewa har launin gashi na gida ne. Idan aka jera tsuntsaye iri ɗaya daga ƙasashe dabam-dabam, sai a ga na hamada ya koɗe, ya yi kalar rairayi, abin da ke ɓoye shi daga idon shaho, na ƙasa mai dausayi kuwa ya fi duhu. Don haka ya tsaya a kan cewa bayan sunaye biyu da masana ke ba kowane tsuntsu, a ƙara na uku mai nuna reshen da ke zaune a wata ƙasa. Dattawan masana na Ingila suka yi ta suka, amma bai ja da baya ba. A kan wannan tsari ya gina babban littafinsa mai juzu'i 3 a kan tsuntsayen Turai, arewacin Asiya da arewacin Afirka, wanda ya fito tsakanin 1903 da 1922. Yau da wannan hanya ake aiki ko'ina.

Ya shiga Sahara ta Aljeriya a 1912 har In Salah. Daga baya ƙasar da ya sani yana saurayi ta sake zuwa hannunsa: Kyaftin Angus Buchanan ya taso daga Kano, ya bi ta Damagaram zuwa duwatsun Abzin a 1920, ya kai tsuntsayen da ya tara Tiring. Hartert ya auna su, ya bayyana su a 1921, ya raɗa wa waɗansu sababbi sunan Buchanan.

Bai tsira daga baƙin ciki ba. Ɗansa tilo ya faɗi a fagen yaƙi a 1916, yana sojan Ingila, yana yaƙar ƙasar mahaifinsa. A 1930 Hartert ya koma Balin. A 1932 Rothschild ya sayar wa wani gidan tarihi na Amurka tsuntsaye wajen 280,000, gumin shekarunsa. Ya rasu ran 11 ga Nuwamba 1933.

Rubuce-rubucensa shaida ne na abin da dajinmu ya taɓa ɗauka. Gauraka da ungulu sun yi ƙaranci ƙwarai a Sahel. In muka sare itatuwan da suke kwana a kai, jikokinmu sai dai su san su a littafin baƙo.