Yusef Lateef (1920-2013): Mabushin Amurka da Ya Zo Zariya Neman Ilimin Sarewa

1.0 Gabatarwa

Bisa al'ada, idan ana nazarin kiɗa da waƙa a ƙasar Hausa, akan karkata ne ga makaɗan gida irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Mamman Shata. Sai dai akwai wasu baƙi da suka zo daga nesa, suka zauna a gaban makaɗan ƙasar nan a matsayin ɗalibai, suka kuma bar rubuce-rubucen da manazarta ke amfana da su. Ɗaya daga cikinsu shi ne Dokta Yusef Abdul Lateef, baƙar fatar Amurka, wanda ya shahara wajen busa saksofon da jagorancin ƙungiyar makaɗa, ya kuma yi shekara huɗu a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Rayuwarsa ta ƙunshi wata tambaya da ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe: shin mutum zai iya riƙe sana'ar kiɗa, ya kuma riƙe addininsa da mutuncinsa da iliminsa a lokaci guda?

2.0 Jaz da Saksofon

Jaz wani nau'in kiɗa ne da ya tsiro a farkon ƙarni na 20 a tsakanin jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, musamman a birnin New Orleans na kudancin Amurka. Babban siffarsa ita ce ƙirƙira nan take. Makaɗa kan fara da wani kari da duk suka sani, sannan a ba kowanensu fili ya sarrafa karin yadda hikimarsa ta ba shi, daga ƙarshe a sake haɗuwa a kan karin farko. Wanda ya san yadda Shata kan ƙaga baiti a tsaye, 'yan amshi na riƙe masa da amshi, kalangai na tafe, ba zai sha wuyar fahimtar wannan tsari ba.

Shi kuwa saksofon abin busa ne da wani mutumin Beljiyam mai suna Adolphe Sax ya ƙera, ya yi masa rajista a 1846. Jikinsa na tagulla ne, a bakinsa kuma akwai wani ɗan siririn harshe na kara guda ɗaya wanda ke kaɗawa idan iska ta ratsa shi. Ta wannan fuska ya yi kusa da algaitar da ake ji a Ƙofar Soro ta Katsina ranar hawan Sallah, illa dai ita algaita harshenta ruɓi biyu ne.

3.0 Haihuwarsa da Tasowarsa

An haife shi ranar 9 ga Oktoba, 1920, a garin Chattanooga na jihar Tennessee, aka raɗa masa suna William Emanuel Huddleston. A wancan zamani dokokin wariyar launin fata sun yi wa baƙar fata katutu a kudancin Amurka, saboda haka dubban iyalai suka riƙa yin ƙaura zuwa biranen arewa masu masana'antu. Iyayensa na cikin waɗanda suka tashi. Sun fara yada zango a Lorain ta jihar Ohio, kafin su zauna a Detroit a 1925, inda mahaifinsa ya sauya sunan gidansu zuwa Evans.

Detroit birni ne na ƙera motoci, kuma a lokacin cike yake da makaɗa. A nan ya yi makarantar sakandare ta Miller, a nan kuma ya fara busa. Ya soma da ƙaramin saksofon, daga baya ya koma babba mai kaurin murya, bayan da salon wani gwani mai suna Lester Young ya shiga ransa. Ya tashi a gari ɗaya da matasan da su ma suka zama fitattu, irin su Milt Jackson da Kenny Burrell da Barry Harris. Tun bai cika shekara ashirin ba ya fara cin abinci da busa. A shekarun 1940 ya bi ƙungiyoyin Lucky Millinder da Hot Lips Page da Roy Eldridge, sannan a 1949 ya shiga babbar ƙungiyar Dizzy Gillespie, wadda samun gurbi a cikinta shaida ce ta ƙwarewa.

4.0 Musuluntarsa da Sabon Salonsa

Wajen ƙarshen shekarun 1940 ne ya karɓi Musulunci ta hannun 'yan Ahmadiyya, waɗanda a lokacin wa'azinsu ya ja hankalin makaɗa baƙar fata da dama a Amurka. Ya ɗauki suna Yusef Abdul Lateef, wato Yusuf Abdullaɗif, sunan da ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa. Daga baya ya sauke farali har sau biyu.

A 1950 rashin lafiyar maiɗakinsa ta sa ya ajiye yawon kiɗa ya koma Detroit. Ya kama aiki a wata masana'antar motoci domin riƙe iyali, ya kuma shiga Jami'ar Wayne yana koyon tsara kiɗa da busa sarewar Turawa. Abin da ake gani kamar koma baya ne sai ya zame masa alheri, domin a wannan zama ne ya sami sukunin yin bincike. Ya lizimci ɗakin karatu na birnin yana nazarin kaɗe-kaɗen Larabawa da Indiya da Sin da Afirka. Ya koyi busa obo, wadda 'yar'uwar algaita ce ta fuskar ƙira, ya kuma nemo kayan busa na Gabas kamar argul na Larabawa da shanai na Indiya.

Da ya kafa ƙungiyarsa, ya fara fitar da faya-fayai da sunansa a 1957, sai masu saurare suka ji abin da ba su saba ji ba. Ga kiɗan jaz sosai, amma ga muryar argul da rababa a ciki. Akwai ma inda ya sa aka busa kwalbar lemo aka kuma murza balan-balan domin fitar da wani amo. Wasu sun ɗauki abin a matsayin neman suna, amma shi a wurinsa duk abin da ke fitar da sauti mai ma'ana kayan kiɗa ne. Faifansa Eastern Sounds na 1961, wanda ya buɗe da busa wata 'yar sarewar yumɓu ta ƙasar Sin, shi ne ya fi shahara cikin ayyukansa na wannan zango, har yau kuma ana lissafa shi cikin ayyukan da suka fara haɗa jaz da kaɗe-kaɗen wasu al'ummu.

5.0 Zaman New York da Neman Ilimi

A 1960 ya koma New York. Ya yi aiki da Charles Mingus, da kuma Babatunde Olatunji, makaɗin gangar nan ɗan Nijeriya da ke zaune a Amurka. A wannan shekara ya yi busa a faifan Uhuru Afrika na Randy Weston, wanda aka shirya domin taya ƙasashen Afirka murnar samun 'yancin kai. Daga 1962 zuwa 1964 ya kasance cikin ƙungiyar Cannonball Adderley, wadda ya je Japan tare da ita a 1963. Bayan nan ya ci gaba da jan ragamar tasa ƙungiyar, yana fitar da faya-fayai a kamfanonin Impulse da Atlantic.

Shugabancin ƙungiyar makaɗa ba ƙaramin aiki ba ne. Kamar yadda yake ga uban kiɗi a ƙasar Hausa, shugaba shi ke zaɓen yaransa, shi ke tsara kari, shi ke neman wurin wasa, shi ke raba abin da aka samu. Duk da wannan nauyi, Lateef bai saki karatu ba. Ya sami digiri na farko a Makarantar Kiɗa ta Manhattan a 1969, yana dab da cika shekara hamsin, ya ƙara da na biyu a fannin koyar da kiɗa a 1970. Ya koyar a wannan makaranta, sannan a wata kwaleji ta birnin daga 1972. A 1975 Jami'ar Massachusetts da ke Amherst ta ba shi digirin digirgir a fannin ilimi, kuma kundinsa ya kwatanta tsarin ilimin Turawa ne da na Musulunci.

Abubuwa biyu sun dame shi game da sana'arsa. Na farko shi ne sunanta. Ya ƙi yarda a kira kiɗansa jaz, domin a ganinsa kalmar tana ɗauke da ma'anonin raini da batsa waɗanda ke zubar da darajar masu sana'ar. Maimakonta ya ƙirƙiro wata doguwar kalma ta Turanci mai nufin kiɗan da ke fitowa daga jiki da hankali da ruhin mai yin sa. Na biyu shi ne wurin yin ta. Yawancin abincin makaɗan jaz a gidajen rawa na dare yake, inda ake shaye-shaye. Wajen 1980 ya yanke shawarar daina wasa a duk inda ake sayar da giya. Wannan mataki ya toshe masa babbar ƙofar samu, amma bai janye ba.

6.0 Shekara Huɗu a Zariya

A watan Agusta na 1981, yana da shekara 60, ya iso Zariya tare da iyalinsa a matsayin babban jami'in bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Ya zauna har 1985. Babban abin da ya sa a gaba shi ne sarewa, abin busar da aka fi sani da Fulani makiyaya. Abin lura a nan shi ne, mutumin da ya yi wasa a manyan zaurukan Amurka da Turai da Japan, mai digiri uku, shi ne ya zo ya duƙufa a kan abin busar da mutanen gari da yawa ke yi wa kallon abin wasan yaran kiwo. Ya nemi masu busa ta, ya saurare su, ya bincika yadda ake ƙera ta da yadda ake sarrafa ramukanta, ya kuma rubuta abin da ya gano.

Bayan bincike, ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da makaɗa da 'yan rawa da 'yan wasan kwaikwayo na cibiyar. Daga wannan cuɗanya aka sami faya-fayai biyu. Ɗaya ya raɗa masa sunan Hausa, wato Hikima, ya fito a 1983. Ɗayan kuwa, In Nigeria, an ɗauke shi a Legas a 1983 tare da makaɗan ganga na Nijeriya, ya fito a Amurka a 1985. A cikinsa saksofon da sarewa ne ke bin sawun ganga, maimakon a mayar da ganga 'yar rakiya kamar yadda aka saba a faya-fayan Turawa.

Gudummawar da ta fi shafar ɗalibin Hausa ita ce littafin Hausa Performing Arts and Music, wanda ya rubuta tare da Ziky Kofoworola, aka buga shi a Legas a 1987. Littafin ya yi bayani a kan wasannin Hausawa na gargajiya da makaɗansu da kayan kiɗansu. Muhimmancin irin wannan aiki a fili yake, domin ilimin kiɗan gargajiya a ka yake zaune, daga uba zuwa ɗa, daga ubangida zuwa bara. Duk ranar da aka rasa magaji, abin da ba a rubuta ba ya tafi ke nan. Shekara guda bayan fitowar littafin, a 1988, wannan jami'a ta ba Mamman Shata digirin girmamawa, abin da ke nuna yadda masana suka fara ɗaukar fasahar makaɗa a matsayin ilimi.

7.0 Ƙarshen Rayuwarsa

Da ya koma Amurka, sai ya zauna a jihar Massachusetts yana koyarwa a jami'ar da ya yi digirinsa na uku da kuma Kwalejin Hampshire. Faifansa Yusef Lateef's Little Symphony na 1987, wanda shi kaɗai ya kaɗa duk kayan kiɗan da ke cikinsa, ya ci lambar Grammy. A 1992 ya kafa kamfaninsa na faifai mai suna YAL domin ya mallaki aikinsa da kansa. A 1993 ƙungiyar makaɗa ta gidan rediyon WDR da ke Kolon a Jamus ta gabatar da wani dogon kiɗa mai kashi huɗu da ya tsara a kan tarihin bauta da gwagwarmayar baƙar fata a Amurka. Ya rubuta gajerun labarai, ya yi zane-zane, ya kuma fitar da tarihin rayuwarsa, The Gentle Giant, a 2006 tare da marubuci Herb Boyd. A 2010 hukumar raya fasaha ta gwamnatin Amurka ta ba shi lambar girma mafi daraja da take bai wa makaɗan jaz. Bai daina busa ba har shekararsa ta ƙarshe. Allah ya yi masa rasuwa ranar 23 ga Disamba, 2013, a gidansa da ke Shutesbury, yana da shekara 93.

8.0 Kammalawa

Tarihin Yusef Lateef ya nuna cewa sana'a ba ta ƙasƙantar da mai ita, sai dai idan shi ya ƙasƙantar da kansa. Ya zauna cikin sana'ar da ake yi wa kallon ta mashaya, amma ya gindaya mata iyaka daidai da imaninsa, ya biya kuɗin wannan iyaka daga aljihunsa. Ya koma aji a shekarun da wasu ke shirin ajiye aiki. Sannan ya tsallako teku domin sarewar da ke bayan gari. Wannan ƙalubale ne ga ɗaliban harshe da al'adun Hausa, domin har yanzu akwai masu busa algaita da kakaki da farai a fadojin Katsina da Daura da Zazzau, akwai kuma masu sarewa a rugage, waɗanda iliminsu ke jiran mai zuwa ya zauna a gabansu da alƙalami.