TARIHIN JIM THORPE, SADAUKIN 'YAN ƘWALLON AMURKA

A cikin 'yan wasan da ƙasar Amurka ta yi a farkon ƙarni na 20, da wuya a sami wanda sunansa ya yi tambari kamar na Jim Thorpe. Shi dai ya fito ne daga cikin mutanen nan da ake kira Indiyawan daji, watau ainihin masu ƙasar waɗanda Turawa suka tarar a can, ko da yake akwai jinin Turawa a jikinsa ta wajen uwa da ta wajen uba. An haife shi cikin watan Mayu na 1887, kusa da inda garin Prague yake a yanzu, a yankin da Gwamnati ta keɓe wa Indiyawa, wanda ya zama Jihar Oklahoma a 1907. Mahaifinsa Hiram ɗan ƙabilar Sac da Fox ne, manomi mai kiwon dawaki, mahaifiyarsa Charlotte kuwa daga ƙabilar Potawatomi take. Sunan da aka raɗa masa da harshensu shi ne Wa-Tho-Huk, ma'anarsa hanya mai haske.

Tagwaye aka haife su, shi da ɗan'uwansa Charlie, wanda ciwon huhu ya yi ajalinsa suna da shekara 9. Tun daga nan zaman makaranta ya fita daga ran Jim. Sau da yawa yakan gudu daga makarantar kwana ta ƙabilarsu ya tako da ƙafa har gida, uban ya mayar da shi, ya sake gudowa. Da abin ya ishi uban, sai ya kai shi makarantar Haskell a can Jihar Kansas. Ba a daɗe ba mahaifiyarsa ta rasu wajen haihuwa. Cikin 1904 aka tura shi makarantar Carlisle a Jihar Pennsylvania, kuma a wannan shekara mahaifinsa ya rasu sanadiyyar wani rauni da ya ji wajen farauta. Ya zama maraya gaba da baya yana ɗan shekara 16, ga shi kuma nesa da dangi.

Wani hafsan soja ne, Richard Henry Pratt, ya kafa makarantar Carlisle a 1879, a wani tsohon barikin soja, kuma manufarta a fili take, watau a raba 'ya'yan Indiyawa da al'adunsu a mai da su kamar Turawa. Da zuwan yaro sai a aske masa suma, a sa masa kayan sarki irin na soja, a hana shi magana da harshen iyayensa. Akan kuma rarraba yaran gidajen manoma Turawa su yi aikin gona a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Jim ma ya yi wannan zama na barantaka kafin a gane abin da Allah ya ajiye a jikinsa.

An gane shi ne wata rana cikin 1907, sa'ad da ya zo wucewa ta filin wasa cikin kayan aiki, ya tarar da manyan ɗalibai suna fama da tsallen sama. Ya nemi a bar shi ya gwada, sai ga shi ya haye ƙafa 5 da inci 9 ba ko wahala. Labari ya kai kunnen mai koyar da wasanni na makarantar, Glenn Warner, wanda aka fi sani da Pop Warner, nan da nan ya sa shi cikin 'yan guje-guje da tsalle-tsalle. Amma shi Jim hankalinsa yana kan ƙwallo.

Wannan ƙwallo da Amurkawa ke kira na ƙafa ba irin tamaular da aka saba gani a sauran ƙasashen duniya ba ne. Shi ƙwallon mulmulalle ne mai tsini biyu kamar ƙwai, kuma yawanci rungume shi ake yi a ruga da shi. Mutum 11 ne a kowane gefe. Masu riƙe da ƙwallo suna neman kutsawa da shi har ƙarshen filin abokan karawarsu, su kuwa waɗancan aikinsu shi ne su cafke mai ƙwallon su kayar da shi ƙasa. Wanda ya kai ƙwallo ƙarshen fili ya ci maki 5 a wancan zamani, kafin a mai da shi 6 a 1912, wanda kuwa ya buga shi da ƙafa ya ratsa tsakanin sanduna biyu ta bisa gungumen da ke gicciye ya ci 3. Rabinsa gudu ne, rabinsa kokawa. A zamanin Thorpe ba abin da ke kare kan ɗan wasa sai wata 'yar hular fata, waɗansu ma ba su sa ta, kuma wanda ya shiga fili shi zai kai hari shi zai tsare gida har a tashi. A 1905 kaɗai samari wajen 18 suka mutu a sanadin wasan, har Shugaba Theodore Roosevelt ya kira wakilan jami'o'in Harvard da Yale da Princeton ya ja musu kunne. Daga nan aka gyara dokoki, aka yarda a 1906 a riƙa jefa ƙwallo gaba da hannu. Wannan gyara ya yi wa yaran Carlisle daɗi ainun, domin ba su kai 'yan jami'a jiki ba, amma sun fi su zafin nama da dabara.

Da fari Warner ya ƙi yarda Jim ya shiga, don gudun kada a karya masa gwanin tsallensa. Da naci ya yi yawa, sai ya miƙa masa ƙwallo ya ce ya ruga a tare shi, da nufin ya sha kayi ya haƙura. Jim ya keta ta tsakiyar 'yan wasan duka ba wanda ya iya riƙe shi, aka sake, ya sake ketawa. A 1907 ɗan jiran canji ne, a 1908 kuwa ya zama ƙashin bayan ƙungiyar.

Daga nan ya bar makaranta shekara biyu. Cikin 1909 da 1910 ya tafi Jihar Carolina ta Arewa, inda ya yi wa wata ƙaramar ƙungiya ta garin Rocky Mount wasan besbol, watau ƙwallon nan da ake jefowa a doke shi da kulki. Abin da ake biyansa bai wuce na sa wa a bakin salati ba, wani lokaci dala 2 a wasa. Ɗaliban jami'o'i da yawa sukan yi haka a lokacin hutu, sai dai su sukan ɓoye sunayensu su ari na ƙarya. Shi Jim da sunansa na gaskiya ya yi wasa, har jaridun yankin suna bugawa.

Warner ya kira shi ya komo Carlisle a 1911, kuma shekaru biyun da suka biyo baya su ne ganiyarsa. Ran 11 ga Nuwamba, 1911, suka je gidan Harvard, wadda a lokacin ke cikin manyan jami'o'in da ake tsoro a fagen ƙwallo. Raini ya sa mai koyar da Harvard ya fara da 'yan sahu na biyu. Jim ya shiga da ƙafa a naɗe da bandeji saboda rauni, amma da wannan ƙafa ya buga ƙwallo ya ratsa sanduna har sau huɗu, na ƙarshen daga nisan yadi 48. Aka tashi Carlisle na da 18, Harvard na da 15, kuma 13 daga cikin makin nan daga ƙafarsa suka fito. A wannan kaka wasa 12 suka yi, suka ci 11, Syracuse kaɗai ta doke su, ita ma da maki ɗaya tak.

Karawar da ta fi nauyi a zukatan yaran ita ce ta ran 9 ga Nuwamba, 1912, da makarantar horar da hafsoshin soja ta West Point. Shekara 22 ke nan kacal da sojan Amurka suka karkashe Indiyawa maza da mata da yara a Wounded Knee, a 1890, saboda haka babu yaron Carlisle da ke bukatar a gaya masa ko 'ya'yan wa ke gabansa. Suka lallasa sojan da ci 27 da 6. Cikin waɗanda suka yi ta fama da tare Jim a ranar har da wani saurayi Dwight Eisenhower, wanda daga baya ya zama Shugaban Amurka. Akan ji ana cewa wai Thorpe ne ya lahanta masa gwiwa, amma ba haka ba ne, a wasan mako na gaba da Tufts ya ji wannan rauni. A kakar 1912 Carlisle ta ci wasa 12, aka ci ta ɗaya, ta yi kunnen doki ɗaya, kuma a shekarun biyu a jere an zaɓi Jim cikin 'yan wasa 11 da suka fi kowa a ƙasar.

Duk wannan, a bisa doka, wasan sha'awa ne, ba a biyan ɗan wasa albashi. Amma dubban mutane ke biyan kuɗin ƙofa, shi ya sa ma Carlisle ke yin manyan wasanninta a gidajen waɗansu, kuɗin kuwa na shiga asusun da ke hannun Warner. 'Yan ƙwallo suna da masaukinsu dabam da abinci mai kyau, ana kuma ɗan sa musu wani abu a aljihu a ɓoye. Binciken da Majalisar Dokokin Amurka ta yi wa makarantar a 1914 ya tono wannan al'amari.

Tsakanin kakannin nan biyu ne Jim ya tafi Wasannin Olimfik na birnin Stockholm a ƙasar Suwidin, cikin Yuli, 1912, tare da wani ɗan makarantarsu, Lewis Tewanima, wanda ya zo na biyu a tseren mita 10,000. Jim ya shiga gasar wasanni biyar a haɗe, ya zo na ɗaya a huɗu daga ciki. Sa'an nan ya shiga ta wasanni goma, wadda ta haɗa gudu da tsalle da jifa, ana cikin yi aka nemi takalmansa aka rasa, ya ƙarasa da waɗansu guda biyu da ba su dace da juna ba. Duk da haka ya tara maki 8,412, ya ba na biyu, Hugo Wieslander ɗan Suwidin, ratar maki kusan 700. An ce da Sarki Gustav na Biyar zai ba shi lambobinsa na zinariya ya shaida masa cewa duk duniya babu ɗan wasa kamarsa. Ya komo aka yi masa gagarumar tarba a birnin Niyok, alhali kuwa sai a 1924 ne doka ta amince da dukan Indiyawan Amurka a matsayin 'yan ƙasa.

Murnar ba ta wuce wata shida ba. Cikin Janairu, 1913, wata jarida mai suna Worcester Telegram ta buga labarin besbol ɗin da ya yi don kuɗi. A lokacin dokar Olimfik ta haramta shiga ga duk wanda ya taɓa karɓar ko anini saboda wasa, dokar da ta fi dacewa da 'ya'yan masu hali waɗanda ba su da bukatar neman abin tuwo. Jim ya rubuta wa sakataren ƙungiyar 'yan wasan sha'awa ta Amurka, James Sullivan, ya amsa abin da ya yi, ya ba da hanzarin cewa shi ɗan makaranta ne da bai san waɗannan ƙa'idodi ba. Warner da shugaban makarantar suka ce ba su da masaniya, ko da yake masana tarihi da yawa sun tafi a kan cewa Warner ya sani sarai. Laifi tudu ne, manya suka taka nasu suka hango na yaro. Aka karɓe lambobin, aka soke sunansa daga littafi, aka ba Ferdinand Bie ɗan Norwe da Wieslander. Abin da ba a kula da shi ba kuwa shi ne, dokar wasannin 1912 ta ce duk mai ƙara ya kawo ta cikin kwana 30, wannan kuwa ta zo bayan wata shida.

Tun da an rufe masa waccan ƙofa, sai ya mai da wasa sana'a. Ya yi besbol a manyan ƙungiyoyi daga 1913 zuwa 1919, akasari tare da New York Giants. A 1915 ƙungiyar ƙwallo ta Canton Bulldogs a Jihar Ohio ta ɗauke shi a kan dala 250 kowane wasa, ya kai ta ga zama zakara a 1916 da 1917 da 1919. Da aka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyar 'yan ƙwallon sana'a a 1920, wadda ta zama NFL a 1922, shi aka naɗa shugabanta na farko, don sunansa ya jawo 'yan kallo. Ya bar fili a 1928 yana da shekara 41.

Barinsa wasa ya zo daidai da karayar tattalin arziki ta 1929. Ya yi leburanci, ya yi haƙan lambatu, ya yi gadi, ya riƙa fitowa a sinima cikin taron Indiyawa a kan ɗan kuɗi kaɗan. Giya ta kama shi, aure biyu suka mutu. A Olimfik na Los Angeles, 1932, ba shi da kuɗin tikiti, sai da Mataimakin Shugaban Ƙasa Charles Curtis, wanda shi ma yana da jinin Indiyawa, ya gayyace shi ya zauna kusa da shi. A 1950 kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya tambayi marubuta labarin wasanni, suka zaɓe shi gwarzon 'yan wasan Amurka na rabin ƙarni, a 1951 kuma aka yi fim na rayuwarsa, Burt Lancaster ya fito a matsayinsa. Amma da ciwon daji ya kama shi a leɓe, a sahun marasa galihu aka karɓe shi a asibiti. Ya rasu da ciwon zuciya ran 28 ga Maris, 1953, a garin Lomita na Jihar Kalifoniya.

Maganar lambobinsa ta daɗe tana ja. Avery Brundage, wanda ya shugabanci Kwamitin Olimfik na Duniya daga 1952 zuwa 1972, ya ƙi sauraren masu roƙo, shi kuwa yana cikin waɗanda Jim ya tsere wa a Stockholm. Sai a 1982 kwamitin ya sauko, aka ba 'ya'yansa sababbin lambobi cikin Janairu, 1983, amma aka rubuta shi a matsayin wanda ya raba zama na ɗaya da Bie da Wieslander. Ran 15 ga Yuli, 2022, shekara 110 cif da cin gasarsa, aka mayar da shi zakara shi kaɗai a gasannin biyu.

Gawarsa ma ba ta sami komawa gida ba. Matarsa ta uku, Patricia, ta ɗauke ta ana tsakiyar bukin binnewa na ƙabilarsu a Oklahoma, ta yi yarjejeniya da waɗansu ƙananan garuruwa biyu na Pennsylvania, Mauch Chunk da East Mauch Chunk, waɗanda ke neman abin da zai jawo musu baƙi. A 1954 suka haɗe suka zama gari ɗaya mai suna Jim Thorpe, suka gina masa kabari, ko da yake bai taɓa taka garin ba yana da rai. Ɗansa Jack ya shigar da ƙara a 2010 yana neman a mayar da ƙasusuwan mahaifinsa ƙasar Sac da Fox. Kotun farko ta ba iyalin gaskiya a 2013, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin a 2014, a 2015 kuma Kotun Ƙoli ta Amurka ta ƙi sauraren shari'ar.