Tarihin Martin Luther King

An haifi Martin Luther King a birnin Atlanta na ƙasar Amurka ranar 15 ga Janairu, 1929. Mahaifinsa limamin coci ne. A lokacin, dokokin kudancin Amurka sun raba baƙar fata da farar fata: makaranta daban, gidan abinci daban, har famfon shan ruwa ma daban.

Yana ɗan shekara shida, mahaifin wani abokinsa farar fata ya hana su wasa tare saboda launin fatarsa. Abin ya tsaya masa a rai.

A 1955 aka kama Rosa Parks a Montgomery don ta ƙi tashi ta ba wani farar fata kujera a bas. King ya jagoranci baƙaƙen fata suka ƙaurace wa bas har kwana 381, da yawa suna takawa a ƙafa, sai da kotu ta soke dokar. An jefa bam a gidansa, amma ya hana mutanensa ramuwa.

Ya samu lambar yabo ta Nobel a 1964. An harbe shi a Memphis ranar 4 ga Afrilu, 1968, yana da shekara 39.

'Yan uwana ɗalibai, mu daina tsokanar juna saboda yare ko launin fata. Babu wanda ya zaɓi nasa.