Anthony Perkins: Jarumin da Norman Bates Ya Ƙi Saki Har Kabari

Musu ne ya jawo wannan rubutun. Makon jiya a shagon cajin waya da muke zama da daddare a nan Ribah, wani abokinmu ya zo da Psycho II a wayarsa, muka haɗa kai muka kalla. Ana gamawa aka rabu gida biyu. Wasu suka ce ɓata lokaci ne, na farko ya isa, me ya kawo na biyu. Wasu kuma suka ce wallahi na biyun ya fi taɓa zuciya. Da na tambayi sunan jarumin, babu wanda ya sani, kowa Norman yake ce masa. To shi ya sa na ce bari in kawo muku tarihinsa. Gargaɗi ɗaya: zan faɗi ƙarshen fim ɗin, wanda bai kalla ba ya sani tun yanzu.

Sunansa Anthony Perkins. An haife shi a birnin New York na Amurka ranar 4 ga Afrilu, 1932. Wasan gado ya yi, don mahaifinsa Osgood Perkins sanannen ɗan wasan dandamali ne, ya kuma fito a tsohon fim ɗin Scarface na 1932. Ciwon zuciya ya kashe uban a 1937, lokacin yaron yana ɗan shekara biyar. Shi kaɗai ne ɗa, sai ya tashi daga shi sai mahaifiyarsa Janet. Ku riƙe wannan a ranku, don yaron da uba ya mutu ya bar shi da uwa su biyu, shi ne dai labarin Norman Bates. Ban ce rayuwarsu ɗaya ba fa, amma ina ganin ya san wani abu game da irin wannan kaɗaicin tun kafin a miƙa masa takardar labari.

Fim ɗinsa na farko shi ne The Actress a 1953. Bayan shekara uku ya fito tare da Gary Cooper a Friendly Persuasion, har aka sa sunansa cikin masu takarar lambar Oscar. A lokacin ba wanda yake masa kallon mugu. Dogo ne siriri, mai kunya, irin saurayin da 'yan mata ke yanke hotonsa daga mujalla. Ku masu son waƙa, ya yi waƙa ma. Da sunan Tony Perkins ya fitar da faifai, kuma waƙarsa Moonlight Swim ta shiga jerin waɗanda aka fi saurare a Amurka a 1957. A wannan shekarar ne ya fito a Fear Strikes Out a matsayin wani ɗan wasa da matsin mahaifinsa ya jefa cikin taɓin hankali. Kamar share fage.

Sai Alfred Hitchcock ya zo. Ya sayi littafin Robert Bloch mai suna Psycho wanda ya fito a 1959. A littafin, Norman mutum ne mai ƙiba, ya manyanta, mashayi. Hitchcock ya ce a'a, saurayi mai kyau yake so, wanda idan ka gan shi za ka ba shi amanar ƙanwarka. Nan dabarar take. Fim ɗin ya fito a 1960, baƙi da fari, da kuɗi kaɗan, wajen dala 800,000. Wata mata ce, Janet Leigh ta fito a matsayinta, ta saci dala 40,000 a wurin aiki ta gudu, ruwan sama ya tsare ta a wani masaukin baƙi da ke gefen hanya. Mai masaukin yaro ne mai ladabi da ke zaune da mahaifiyarsa a gidan da ke kan tudu. Sauran kun sani: an kashe ta a banɗaki tana wanka, daga baya aka gano uwar ta daɗe da mutuwa, gawarta ce a gidan, Norman ne ke sa kayanta yana magana da muryarta.

Abin dariya, wannan fitowar ta banɗaki da duk duniya ta san shi da ita, ba ya ma wurin lokacin da aka ɗauka. Yana New York yana gwajin wani wasan dandamali, wata daban ce ta sa rigar. Kuma da lokacin Oscar ya zo, an sa sunan Janet Leigh da na Hitchcock, shi ko oho. Ni dai har yau wannan yana ba ni haushi.

Nasarar ta zame masa ƙarfen ƙafa. Kun san yadda abin yake a wurinmu. Marigayi Rabilu Musa, ko fuska ya ɗaure, mutane Ibro suke gani su fashe da dariya. Amjad Khan ya yi finafinai da yawa bayan Sholay, amma Gabbar ake ce masa har ya mutu. Haka Perkins. Ya tafi Turai, inda ya iya Faransanci, ya yi Goodbye Again da Ingrid Bergman, ya ci kyautar gwarzon jarumi a bikin Cannes na 1961. Ya yi The Trial da Orson Welles a 1962. Amma da ya dawo gida, yawancin abin da ake kawo masa shi ne mutumin da kansa ba daidai ba. A 1973 ya auri Berry Berenson, mai ɗaukar hoto, yana da shekara 41, suka haifi 'ya'ya maza biyu, Oz da Elvis.

Yanzu mu zo kan abin da ya haɗa mu musu. Hitchcock ya mutu a 1980. Bayan shekara uku kamfanin Universal ya fito da Psycho II, darakta Richard Franklin ɗan Ostireliya, marubuci Tom Holland, kuma ba yaron nan na Spider-Man ba, wani ne daban. Tun kafin a haska shi mutane suka fara ƙorafi, wai wane ne zai taɓa aikin Hitchcock. Shi kansa Perkins bai amsa da wuri ba.

Labarin shi ne, bayan shekara 22 a asibitin masu taɓin hankali, kotu ta ce Norman ya warke, a sake shi. Lila, 'yar'uwar matar da ya kashe, ta ce ba ta yarda ba. Vera Miles ce ta dawo a wannan matsayi kamar a na farko. Norman ya koma gidan nan na kan tudu, ya samu aiki a wani gidan abinci, yana ta ƙoƙarin zama mutum kamar kowa. Sai aka fara ajiye masa takardu da sunan mahaifiyarsa, ana kiransa a waya da muryarta. Ashe Lila ce da 'yarta Mary suka shirya su haukatar da shi don a mayar da shi asibiti. Mary ta zauna da shi, ta ga halinsa, tausayi ya kama ta, ta so janyewa, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Akwai wurin da aka miƙa masa wuƙa ya yanka burodi. Ku koma ku kalli hannunsa da idonsa a wurin. Mutum ne da ke tsoron kansa fiye da yadda kowa ke tsoronsa. Babu kiɗan tsoro, babu jini, amma a nan ne shagon ya yi tsit.

Masu kushe fim ɗin suna da hujja, ba zan ɓoye ba. Na farko yana tsorata ka da abin da bai nuna maka ba, na biyun kuwa ya biyo zamanin su Halloween da Friday the 13th, sai da aka nuna wuƙa tana shiga baki ƙiri-ƙiri. Sannan ƙarshen. Wata tsohuwa Emma Spool da suke aiki tare ta zo ta ce ita ce uwarsa ta gaskiya, ita ta yi kashe-kashen don ta kare shi. Ya ba ta shayi, ya ɗauki shebur ya kwaɗa mata a ka, ya ɗauki gawar ya hau da ita sama. Wani a cikinmu ya ce wannan ƙarshen kamar na finafinan da marubuci ya rasa mafita ne sai ya ƙirƙiro uwa daga sama. Gaskiya ya faɗa. Su kansu masu fim ɗin sun warware maganar a kashi na uku, suka ce innarsa ce.

Amma ni ina tare da masu so, kuma ga dalilina. Duk tsawon fim ɗin, har zuwa mintunan ƙarshe, Norman bai kashe kowa ba. Masu hankalin ne suka dinga tura shi. Mu nan muna da maganar da muke yi, wai mahaukaci ba ya warkewa sai dai sauƙi. Kowa a cikinmu ya san wani da aka kai Kware ko Dawanau ya dawo lafiya lau yana shan maganinsa, amma ba mai ba shi aiki, ba mai ba shi mata, yara na binsa da tsohon suna. Da na faɗi haka a shagon, wanda ya fi kowa zagin fim ɗin ya ce to in ɗan'uwanka aka kashe fa, za ka yarda a sake shi? Ban iya ba shi amsa ba, don Lila ma ba ƙarya ta yi ba, 'yar'uwarta ta rasa.

A kasuwa dai fim ɗin ya ci riba sosai, dala miliyan 5 aka kashe, ya kawo sama da miliyan 30. Masu sharhi sun rabu a lokacin, amma da shekaru suka ja, masu yabonsa sun ƙaru. Perkins da kansa ya ba da umarnin Psycho III a 1986, bai samu karɓuwa kamar na biyu ba. Na huɗu a talabijin aka nuna shi a 1990.

A wajen wannan lokacin ya gano yana ɗauke da ƙanjamau. Ya ɓoye, daga shi sai iyalinsa, don a Hollywood ta lokacin in aka ji, aiki ya ƙare. Ya ci gaba da fita aiki har jiki ya ƙi. Ya mutu a gidansa a Los Angeles ranar 12 ga Satumba, 1992, yana da shekara 60.

Matarsa Berry tana cikin jirgin farko da aka kara wa dogon benen New York ranar 11 ga Satumba, 2001, saura kwana ɗaya mijinta ya cika shekara tara da mutuwa. Elvis ya zama mawaƙi. Oz kuwa, idan kun koma Psycho II, shi ne ƙaramin yaron da aka nuna a matsayin Norman yana yaro. Yanzu darakta ne, shi ya yi Longlegs na 2024 da Nicolas Cage, kuma shi muka sa a layi ranar Juma'a mai zuwa in an kawo wuta.